Wa Ya Auna Wutar da Ke Ɗakin Tiyata?



Shekarun baya an yi wa wata ƙanwata aiki a wani asibiti aka ciro mata jariri. Aiki ya yi kyau, ɗa ya zo da ransa, uwa ta farfaɗo, muka yi ta hamdala a baranda. Washegari da safe Inna ta zo goge mata jiki, tana juya ta sai ta ga wani tabo a bayan cinyarta ta dama, faɗinsa ya kai murfin kwalbar lemo, tsakiyarsa fari fat, gefensa ja wur. Inna ta riƙe baki ta ce, "Ke kuma wannan fa? A ciki aka yanka ki, me ya kai ciwo cinya?" Mai jego ba ta da amsa, domin ita dai ta san an sa ta barci, ta farka ta ji kukan ɗanta. Muka tambaya, wannan ta ce ƙila ruwan zafi ne, waccan ta ce ƙila kwanciya ce. Ɗinkin ciki ya kame cikin mako biyu. Ciwon cinyar kuwa sai da ya kusa cinye wata biyu ana zuwa wanki, har ranar suna tana zama a karkace.

Sai daga baya wata maƙwabciyarmu, tsohuwar nas da ta yi rayuwarta a ɗakin tiyata, ta duba tabon, ta ɗan yi shiru, ta ce, "Wannan ƙunar faranti ce." A ranar na fara jin kalmar, kuma ita ce ta kai ni ga abin da nake son mu tattauna a kansa yau.

A kusan kowane ɗakin tiyata akwai wata na'ura, girmanta bai wuce ƙaramar akwatin tufafi ba, tana kan tebur mai taya a gefen gadon aiki. Ma'aikatan asibiti suna ce mata dayatami. A takardun masu ƙera ta sunanta janaretan tiyata, amma kada mai sauraro ya ɗauka irin janaretan da ke ruri a bayan gida ne. Ba ta shan mai, ba ta ba da haske. Wutar soket take karɓa ta juya ta zuwa wata irin wuta da likitan fiɗa zai yanka tsoka da ita, ya kuma toshe bakin jijiyar da ke zubar da jini. A hannun likita akwai wani abu kamar alƙalami mai ɗan ƙarfe a baki da maɓalli biyu, mai ruwan ɗorawa na yanka, shuɗi na tsayar da jini. In ya danna sai ka ji na'urar ta yi ɗan kuka, ɗan hayaƙi ya tashi, wurin ya bushe.

Tsayar da jini da zafi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mun san lalas, mun san sakiya, kuma tun kusan shekara 1000 da suka wuce likitan nan na Andalus, Zahrawi, ya keɓe babban sashe na littafinsa Al-Tasrif a kan magani da ƙarfe mai zafi. Amma a lalas ƙarfen ne ake sa wa wuta ya yi ja. A dayatami bakin alƙalamin da sanyinsa yake zuwa, wutar lantarki ce ke fita daga cikinsa ta shiga jikin mutum, jikin ya ɗau zafi a daidai inda ta taru. Wato dai majiyyacin da ke kwance yana cikin hanyar wutar, kamar yadda waya take cikin hanya tsakanin soket da ƙwan fitila.

Mai sauraro zai ce, to yaya ba ta kashe shi? Amsar tana cikin saurin kai-komonta. Wutar da ke gidajenmu tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa ɗaya, kuma wannan saurin shi ne daidai wanda jijiyoyi da zuciya suke amsawa, shi ya sa take fizgar mutum, take iya rikita bugun zuciya. A farkon shekarun 1890 wani masani Bafaranshe, d'Arsonval, ya nuna cewa in aka ƙara saurin ya yi yawa ƙwarai, jijiya ba ta iya bin sa, sai wutar ta ratsa jiki ba fizga, zafi kawai take bari. Na'urorin yanzu suna aiki ne a wajen sau 300,000 zuwa 500,000 a daƙiƙa, wasu ma fiye. Mu ma'aikatan rediyo mun san unguwar nan, domin matsakaicin zango da tsofaffin tashoshinmu ke watsa shirye-shirye a kai yana farawa ne daga wajen kilohaz 530. Ke nan dayatami maƙwabciyarmu ce ta katanga ɗaya.

Ranar 1 ga Oktoba, 1926, a asibitin Peter Bent Brigham da ke birnin Boston na Amurka, likitan ƙwaƙwalwa Harvey Cushing ya koma kan wani dattijo mai ƙari a kai, wanda 'yan kwanaki kafin nan ya fara yi masa aiki ya dakata saboda jini ya ƙi tsayawa. A wannan karon ya shigo da na'urar da William Bovie, masanin kimiyya a Jami'ar Harvard, ya haɗa, ya cire ƙarin ba tare da jinin ya gagare shi ba. Har gobe likitocin Amurka Bovie suke ce wa na'urar, ko wane kamfani ya ƙera ta. Shi kuwa mai sunan dala 1 ya karɓa ya sallama haƙƙin ƙirƙirarsa, ya mutu a 1958 ba shi da wani abin kirki.

Na kawo wannan ne don kada wani ya ji sharhin nan ya ce ba zai yarda a yi masa aiki ba. A ƙasar da ake kiran dangi da tsakar dare a zo a ba da jini, na'urar da ke rage zubar jini rahama ce babba. Magana ta a kan kula da ita ce.

Yanzu mu koma kan farantin da tsohuwar nas ta ambata. Duk wutar da ta shiga jiki ta bakin alƙalami dole ta fita ta koma na'urar. Ƙofar fitarta ita ce faranti: a da wani faifan ƙarfe ne da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin majiyyaci, yanzu galibi wani lallausan abu ne mai danƙo da ake manna wa a cinya. Yawan wutar da ke shiga daidai yake da wadda ke fita. To me ya sa take yanka a mashiga, ba ta yin komai a mafita? Ku dubi ruwan sama. In ya sauka a faɗin tsakar gida, jiƙa ƙasa kawai yake yi. In rufin ɗaki ya tattara shi ya biyo indararo, sai ya haƙa rami a gindin bango. Bakin alƙalami shi ne indararo, faranti shi ne tsakar gida. Ranar da gefen farantin ya ɗaye, ko danƙonsa ya bushe, ko aka manna shi a kan gashi, ko kan ƙashi, ko kan tsohon tabo, sai tsakar gidan ta tsuke ta koma indararo. Lissafin kuma ba shi da tausayi: in wurin da ke taɓa fata ya ragu da rabi, zafin da ke taruwa a wurin ninkuwa yake yi sau 4. Mutum yana cikin barci, an lulluɓe shi da zannuwa, idon kowa yana kan ciki. Mukan ce jiki magayi, amma jikin da aka sa wa maganin barci ba ya gaya wa kowa komai.

Masu ƙera na'urar sun daɗe suna fama da wannan. Tsofaffin na'urori ta ƙasa wutarsu ke komawa, saboda haka duk wani ƙarfe da ya taɓa majiyyaci, ƙarfen gado ne, sandar rataye ƙarin ruwa ce, ko 'yan maɓallan da ake liƙawa a ƙirji don duba bugun zuciya, yana iya zama ɓarauniyar hanya, a sami ƙuna a can. Daga ƙarshen shekarun 1960 aka fara yin na'urorin da aka raba wutarsu da ƙasa. A 1981 kuma kamfanin Valleylab na Amurka ya fito da faranti mai ɓari biyu. Na'urar tana tura 'yar wuta kaɗan daga wannan ɓari zuwa wancan ta cikin fata, tana auna turjiyar da ta tarar. In turjiyar ta fita daga tsakanin om 5 zuwa om 135, ko ta ƙaru da kashi 40 cikin 100 a kan yadda aka fara, sai na'urar ta yi ƙara, ta kunna jan haske, ta ɗauke wuta. Ta zama bakin majiyyacin da ba ya iya magana.

To a nan ne gizo ke saƙar. Faranti mai ɓari biyu sau ɗaya ake amfani da shi a yar, kuma da kuɗin waje ake sayo shi. In ya yanke a sito, ko aka ga tsadarsa, me ke faruwa? A wasu wuraren sai a ɗaye shi daga jikin wannan a manna wa wancan, in danƙon ya mutu a kama shi da filasta. A wasu wuraren sai a yanke shi da almakashi don ya dace da cinyar yaro. Mafi muni, in ƙarar ta ishi mutane, sai a samo wani mai dabara ya yi wa wayoyin farantin wani haɗi a cikin filogi, na'urar ta riƙa ganin koren haske ko da farantin yana ƙasa a yashe. Ɗaki ya yi tsit, kowa ya ji daɗi, an ce an gyara. Ai ba gyara aka yi ba, maigadi aka ɗaure wa baki don kada ya tashi mutane daga barci. In kunne ya ji jiki ya tsira, to ga shi an toshe abin da kunnen zai ji.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi damuna, wato kalmar nan ta "yana aiki". A wurinmu in aka kunna abu ya kawo haske, shi ke nan yana aiki. Na taɓa zama a shagon wani mai gyaran kayan asibiti, wani ɗan ɗaki a bayan sito cike da matattun na'urori, ina kallo aka kawo masa dayatami daga wani ƙaramin asibiti. Ya buɗe ta, ya hure ƙura, ya canza fis, ya yi walda a wata waya da ta saki. Sannan ya aiki yaronsa ya sayo sabulun wanki. Ya jiƙa sabulun ya ɗora a kan faranti, ya danna maɓalli mai ruwan ɗorawa ya ja layi, sabulu ya tsage yana tururi. Ya danna shuɗin, tartsatsi ya fito, wurin ya yi baƙi. Wasu da ɗanyen nama suke wannan gwaji. Na ce, "Malam, ta gyaru ke nan?" Ya goge hannu ya ce, "Ta tashi dai. Ko ta gyaru, wannan sai ma'auni, ni kuwa ba ni da shi." Na ji daɗin gaskiyarsa. Sabulu zai gaya maka wuta tana fita. Ba zai gaya maka ko wat 30 da aka rubuta a fuskar na'urar wat 30 ne ke fita, ko 18, ko 55 ba. Mitar da masu gyaran rediyo da talabijin ke yawo da ita a aljihu ma ba ta iya karanta wuta mai irin wannan sauri. Wanda ya ga lambobi suna haske ya ce lafiya ƙalau, kallon kitse yake yi wa rogo.

Akwai ƙa'idojin da duniya ta yarda da su a kan wannan. Hukumar IEC mai hedikwata a Jeniba, wadda ke tsara ƙa'idojin kayan lantarki, tana da kundi mai lamba 60601-2-2 na na'urorin tiyata masu irin wannan wuta, da wani mai lamba 62353 na gwajin da ake maimaita wa kayan asibiti lokaci-lokaci da kuma bayan kowane gyara. Masu ƙera na'urorin sukan ce a yi cikakken gwaji duk wata 6 ko duk shekara. Aikin kansa ba wani tsafi ba ne. Ma'aikaci yakan fara da ido da hannu: ya bi wayar wuta daga filogi har gindinta yana neman inda roba ta tsage, ya girgiza mahaɗai ya ji ko sun yi sako-sako, ya ɗaga abin takawa na ƙafa wanda kullum yake kwance cikin ruwan wanke ƙasa da jini, ya duba ko fanka tana juyawa. Sai ya auna wayar ƙasa, wadda masu aikin wuta ke ce wa atin, turjiyarta kada ta wuce om 0.3. Sai ya auna yoyon wutar soket, irin mai sau 50 ɗin nan mai haɗari ga zuciya. A na'urorin da aka yarda su kusanci zuciya, abin da aka amince ya yoyo zuwa jikin majiyyaci bai wuce kashi 10 cikin miliyan na amfiya ɗaya ba, abin da ko fatar hannu ba za ta ji ba.

Bayan haka ne ake ɗauko babban ma'aunin, wata na'ura da ke tsayawa a madadin jikin mutum. Ana jona mata dayatami, a riƙa canza mata turjiya, yanzu kamar tsoka mai jini, an jima kamar kitse, tana karanta ainihin wat nawa ke fita. Na'ura irin wadda aka fi gani tana iya kai wat 300 a yanka, 120 a tsayar da jini, kuma a wasu salon ƙarfin turawarta yana kai dubban bolt. Ƙa'ida ta ce kada abin da ke fita ya sha bamban da abin da aka zaɓa da fiye da kashi 20 cikin 100. Ana auna yoyon wuta mai saurin ita ma, wadda ke iya sulalewa ta wata hanya dabam, iyakarta miliamfiya 150. Sannan a gwada maigadin: a riƙa ƙara turjiya tsakanin wayoyin faranti a hankali, a ga ko ƙarar za ta tashi a inda ya kamata, ko kuwa an riga an ɗaure mata baki. In komai ya yi daidai a rubuta lambobin a littafi, a manna 'yar takarda a jikin na'urar mai ɗauke da ranar gwaji da ranar da za a sake. Shi kansa ma'aunin duk shekara ake tura shi a daidaita shi, don sikelin da ba a duba ba shi ma yana iya yin ƙarya.

Wani zai ce in wuta ta yi ƙasa ai ba matsala, ta yi yawa ce abin tsoro. Ba haka ba ne. In na'ura ta yi rauni, ko waya ta fara tsinkewa daga ciki, ko faranti ya ɗaye, abin da likita zai gani shi ne alƙalami ba ya ci. Sai ya ce, "A ƙara wuta." A ƙara. "A ƙara dai." Ana ta ƙarawa, ita kuwa wutar tana can tana taruwa a wani lungu ƙarƙashin zane. Tsofaffin ma'aikatan ɗakin tiyata sun san wannan: in likita ya nemi ƙarin wuta fiye da yadda aka saba, kafin a taɓa maɓalli a leƙa faranti, a bi waya. Nas ɗin da ta ce, "Ranka ya daɗe, bari in duba faranti tukuna," ba rashin kunya ta yi ba, kuma babban likitan da ya san aikinsa godiya zai yi mata.

Akwai kuma gobara. Abu uku ke haɗuwa a ɗakin tiyata: iskar oksijin da ake ba majiyyaci, sifirit da ake goge fata da shi tare da zannuwa da auduga, sai tartsatsin alƙalami. A Amurka abin ya kai hukumar FDA ta ƙaddamar da gangami na musamman a kansa a 2011. Maganin goge fata mai sifirit yana buƙatar aƙalla minti 3 ya bushe a fatar da ba gashi, a cikin gashi kuwa ya fi haka nesa, kuma wanda ya gangara ya kwanta a cibiya ko ƙarƙashin baya ya fi kowanne haɗari, don harshen wutar sifirit da ƙyar ake ganinsa a ƙarƙashin fitilar tiyata. Alƙalamin ma yana da kubensa na roba. In aka ajiye shi a kan zane wani ya taka abin takawa bisa kuskure, sai dai a ji ƙauri. Shi ya sa aka yi na'urar yadda ba a iya kashe kukanta gaba ɗaya.

Aikin da ake yi ta 'yan ƙananan huji da kyamara, wanda ke ƙara yaɗuwa a manyan asibitocinmu, ya zo da nasa. Dogayen ƙarafan da ake zurawa cikin ciki suna sanye da rigar roba, kuma wanki da dafawa suna cinye ta. Hujin da bai kai kan allura ba ya isa wuta ta tsallaka ta ƙona hanji a inda kyamara ba ta kallo, a sallami mutum lafiya, bayan kwana uku ko huɗu ya dawo da ciki a kumbure. Akwai 'yar na'urar da ake bin ƙarafan da ita kafin aiki, tana ƙara in ta tarar da huji.

Duk wannan a ƙasar da wuta ke tsaye ke nan. Mu kuwa na'urarmu tana rayuwa ne tsakanin wutar gari da janareta, a ɗauke a kawo, ta yi ƙasa ta yi sama, wani lokaci ana tsakiyar aiki. Gine-gine da yawa soket ɗinsu rami uku ne amma na ukun ba ya zuwa ko'ina, ko kuwa sandar da aka binne tana cikin ƙasar da ta bushe ƙamas tun watan Nuwamba. Ƙurar hunturu tana toshe fanka. Zafin bazara yana busar da danƙon faranti tun yana cikin kwali a sito. Ga kyankyasai da ɓeraye da ke son ɗumin cikin akwati. Ga kayan kyauta da ake kawowa daga ƙasashe masu wutar bolt 110, mu kuwa tamu 230, ba littafin gyara, ba faranti irin nasu a kasuwa. A 2011 wasu masu bincike na Jami'ar Duke, Lora Perry da Robert Malkin, sun duba bayanan kayan asibiti fiye da 112,000 a ƙasashe masu tasowa 16, suka tarar kusan kashi 38 cikin 100 ba sa aiki. Wannan lissafin na waɗanda suka mutu ne, aka san sun mutu. Ni waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne masu rai da ba a taɓa aunawa ba, domin matacciyar na'ura a sito ba ta ƙona kowa.

Adalci shi ne in faɗa cewa ba kowane tabo bayan tiyata ne laifin dayatami ba. Maganin goge fata da ya kwanta a ƙarƙashin mutum awa biyu yana iya cin fata. Doguwar kwanciya a kan ƙashi tana yi, robar ruwan zafi ma tana yi. To amma ta yaya za a bambance? Asibitin da ke rubuta inda aka manna faranti, da yadda fatar wurin take kafin aiki da bayansa, da lambar na'urar da aka yi amfani da ita, da ranar gwajinta na ƙarshe, yana da abin da zai nuna. In laifin na'ura ne a ɗauke ta kafin ta taɓa na gaba, in ba nata ba ne likita ya wanku. Inda ba a rubuta komai ba sai a ce tsautsayi, tsautsayi kuwa ba ya wuce ranarsa, a rufe magana. Na yarda da ƙaddara kamar kowane Musulmi. Amma wayar da wani ya haɗe da hannunsa don ya kashe ƙara, sunanta sakaci.

Za a ce ma'aunin yana da tsada. Gaskiya ne, kuɗinsa dubban daloli ne, ƙaramin asibiti ba zai saya don na'ura ɗaya ko biyu ba. Amma ba kowane mai awo ne ke da ma'aikacin duba sikeli a gidansa ba, hukuma ce ke da shi yana zagaya kasuwanni. Jiha guda in ta sayi ma'auni biyu, ta ware ma'aikata huɗu da mota ɗaya, za su iya zagaye manyan asibitocinta sau biyu a shekara, masu zaman kansu kuma su biya ɗan abin da ya sawwaƙa. Hukumomin da ke sabunta wa asibitoci lasisi suna iya cewa a nuna takardar gwaji kafin a sa hannu. Masu ba da kwangilar sayen kaya kuma su daina karɓar akwati tsirara: a rubuta cikin yarjejeniya cewa da littafin gyara za ta zo, da horar da ma'aikata, da tabbacin samun faranti na shekaru. Ranar yanke ƙyalle ana ɗaukar hoto da sabuwar na'ura, ban taɓa ganin an ɗauki hoto da ma'auni ba, ƙila shi ya sa ba ya shiga kasafi.

Sai mutumin da zai yi aikin. Muna da matasan da suka karanta gyaran kayan asibiti, amma a wurare da yawa ba a tunawa da su sai abu ya mutu, sauran lokaci kuma su ake aika canza ƙwan fitila da gyaran fanka. Ofishinsu yana can bayan ɗakin wanki. In ɗayansu ya manna jar takarda ya ce kada a taɓa wannan na'urar, ya kamata maganarsa ta zauna, ko da akwai mutum goma a jerin masu jiran aiki. In shugaban asibiti yana iya ɓare takardar da hannunsa ya ce a ci gaba, gwajin ba shi da amfani.

Ku kuma da za ku raka ɗan'uwa asibiti, naku ɗan kaɗan ne. A cire zobe da 'yan kunne da awarwaro da duk wani ƙarfe kafin a shiga. In akwai ƙarfe da aka taɓa sa wa a ƙashi, ko na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, a faɗa wa likita tun a ranar farko, domin wutar dayatami tana iya rikita ta, kuma akwai salon aiki da ɗan hantsaki mai baki biyu wanda wutar ke tsayawa tsakanin bakinsa, ba ta ratsa jiki. Bayan aiki, in ana goge jiki, a duba cinya da baya da duga-dugai. In an ga tabo a nuna wa nas a ranar, a roƙa a rubuta a fayil.

Ƙanwar tawa ta sake haihuwa bayan shekara uku, kuma aiki aka sake yi mata. Ana tura ta a kan gado za a shiga da ita, ta kamo hannun nas ta ce, "Anti, don Allah wanne faranti za ku sa min, sabo ne?" Nas ɗin ta tsaya ta dube ta, ta yi dariya ta ce, "Ke wa ya koya miki wannan?" Ta ɗaga zane ta nuna mata tabon. Nas ba ta ƙara cewa komai ba, ta shiga ciki ta fito da faranti a cikin ledarsa, ta yage ledar a gabanta.